Tsohon Juyi Da Sabon Juyi: Wanne Za A Buɗe Kowace Safiya?

Yakan faru a taron addu'a, ko a Maraɗi, ko a Galmi, ko a wani zango a Kumasi, dattijo ya tashi ya ce a buɗe Kubawar Shari'a sura 6. Sai matasa su yi ta juya shafi, ba su sami littafi mai wannan suna ba, gama a nasu an rubuta Maimaitawar Shari'a. Abin da dattijon ya sani da Misalai, su Karin Magana suke ce masa. Mai-Wa'azi ya zama Mai Hadishi, Ru'ya ta Yohanna kuma ta zama Wahayin Yahaya. Sau da yawa dariya takan raba gardamar, amma akwai gidajen da uba yake zargin an rage wa littafin ɗansa gishiri, ɗan kuwa ya daina karatu gaba ɗaya domin Hausar littafin ubansa ta yi masa nauyi. Ga kuma iyalin da kuɗin kaka ba zai saya musu fiye da littafi ɗaya ba. Irin wannan iyali yana bukatar a faɗa masa dalla-dalla abin da kowane juyi yake iyawa da abin da ya kasa.

Aikin juya Maganar Allah zuwa Hausa ya daɗe. Wani Bajamushe mai suna Schön ya fitar da Bisharar Matiyu a 1857, sa'an nan Sabon Alkawari a 1880. Daga cikin waɗanda ya koyi Hausa a bakinsu akwai Dorugu, wani yaro daga ƙasar Damagaram da matafiyi Barth ya kai Ingila a 1855. Watau tun farkon aikin akwai bakin mutumin Nijar a ciki. Cikakken Littafi Mai Tsarki kuwa sai a 1932 ya fito, bayan wahalar shekaru da Likita Miller na Zariya ya sha tare da abokan aikinsa, Hausawa da Turawa. Shi ne ake kira tsohon juyi. A lokacin masu aikin bishara na SIM ba su daɗe da zama a Damagaram ba, gama a 1924 suka iso, saboda haka ikkilisiyoyin farko na ƙasar Hausa ta Nijar da wannan juyi suka tashi. A 1979 Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya ta fitar da wanda har yau jama'a suke ce wa sabon juyi, ko da yake ya haura shekara 40. Bayansa an yi waɗansu, kamar Sabon Rai Don Kowa na 2020.

Ƙarfin tsohon juyi shi ne yana bin sawun kalmomin asali kusa-kusa. Inda marubuci ya maimaita kalma ɗaya, sau da yawa shi ma yakan maimaita ta, mai nazari kuwa ya iya bin zaren magana daga aya zuwa aya. Har wa yau da shi aka yi haddar da kakanni suka bari, daga cikinsa kuma waƙoƙin sujada da yawa suka ɗebi kalmominsu. Wanda ya rena wannan ya rena gado. Amma yana da nauyi iri biyu. Na fari, an buga shi kafin a tsai da ƙa'idar rubutun Hausa ta yanzu, shi ya sa ake ganin “chikin” a inda yau ake rubuta “cikin”. Yaron da ya yi lakwal a Tawa ko Dogon Dutsi, wanda Faransanci ya koya masa cewa waɗannan haruffa biyu “sh” suke bayarwa, tuntuɓe zai yi ta yi a kowane layi. Na biyu, jimlolinsa sukan ɗauki ginin harshen da aka juyo, su yi tsawo, har mai sauraro ya manta farkon magana kafin a kai ƙarshenta.

Masu juyin 1979 sun bi hanyar da masanin fassara Eugene Nida ya yaɗa tun wajen 1964, watau a tambayi abin da mutanen farko suka fahimta, sa'an nan a faɗe shi yadda Bahaushe zai faɗa. Ribar a fili take. Labarin Yusufu da 'yan'uwansa, ko misalan Yesu, idan aka karanta su a tsakar gida da dare, tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba tana bi har ƙarshe. Sai dai sauƙin yana da farashi, gama mai fassara yakan zaɓa wa mai karatu ma'ana ɗaya a inda asalin ya ɗauki biyu.

Misali ɗaya ya isa ya nuna ribar da hasarar kowannensu. A wasiƙun Bulus akwai kalmar Helenanci “sarks”, wadda ainihinta tsoka ce, naman jiki. A Galatiyawa 5 tsohon juyi ya ce “jiki”, na 1979 kuwa ya ce “halin mutuntaka”. Wanda ya ji “jiki” kawai zai iya ɗauka cewa fata da ƙashi ne abin ƙi, ko kuwa zunubin da ake nufi fasikanci ne kaɗai, alhali a jerin da Bulus ya kawo akwai kishi, da jayayya, da tsattsaguwa, waɗanda daga zuciya suke fitowa. A nan sabon juyi ya tsare mai karatu daga kuskure. Amma kalmar nan ɗaya ce aka yi amfani da ita a Yahaya 1 a kan zaman Almasihu mutum. Mai tsohon juyi zai iya lura da wannan dangantaka, ya ga cewa Mai Ceto ya shigo daidai inda rauninmu yake. Mai sabon juyi kaɗai ba zai gan ta da sauƙi ba. Kowannensu ya riƙe wani abu na gaskiya, kowannensu kuma ya saki wani.

Sunaye ma suna da nasu nauyi. Tsohon juyi ya ce Kristi, na 1979 ya ce Almasihu. Ma'anarsu ɗaya, watau shafaffe, ɗaya daga Helenanci, ɗayan kuma daga Ibrananci ta hanyar Larabci. Ga mai bi da yake zaune cikin dangi da maƙwabta Musulmi a Damagaram ko Garwa, Almasihu ya fi buɗe ƙofar zance, domin sun riga sun san sunan. A wannan masu 1979 sun yi dabara. Amma da suka mai da Yohanna ya zama Yahaya, sun jawo wani ruɗani. Gaskiya ne a Helenanci suna ɗaya ne mai baftisma da manzon suke da shi, sai dai Bahaushe da ya ji Yahaya, ɗan Zakariya ne yake zuwa masa a rai, har ya zaci shi ya rubuta Bishara ta huɗu, alhali an fille masa kai tun Yesu bai je gicciye ba. Malamin da yake koyar da sababbin tuba dole ya warware wannan da bakinsa.

Akwai kuma wurin da juyin biyu suka yi tarayya a rashi ɗaya. Sunan Allah na alkawari, mai haruffa huɗu a Ibrananci, ya bayyana fiye da sau 6,000 a Tsohon Alkawari. Dukansu sun sa Ubangiji a madadinsa, bisa ga tsohuwar al'adar Yahudawa da ta ikkilisiya, suka kuma yi amfani da kalmar nan ga wata dabam mai nufin maigida ko mai mulki. A Zabura 110 kalmomin biyu sun haɗu a aya ta fari. Ko da mai ɗab'i ya bambanta su da manyan haruffa, kunne ba ya jin manyan haruffa, yawancin masu bi kuwa da kunne suke karɓar Maganar. Saboda haka ne waɗansu masu fassara na baya-bayan nan suka zaɓi su rubuta Yahweh. Wannan ya fi kusa da asali, amma baƙo ne a bakin tsofaffi, kuma sai an koyar da shi.

Ya kamata a kawar da zato ɗaya, cewa abin da ya fi tsufa ko ya fi wuya shi ya fi zama daidai. Littattafan Ibrananci da aka gano a kogwannin bakin Tekun Gishiri tun daga 1947, har da cikakken naɗin Ishaya, masu aikin 1932 ba su gan su ba. Manzanni da kansu sukan ɗauko Tsohon Alkawari daga fassararsa ta Helenanci, suka kuma rubuta Sabon Alkawari da Helenancin da ake ciniki da shi a kasuwa. A Nehemiya 8, da Ezra ya karanta Shari'a, Lawiyawa sun bi jama'a suna bayyana ma'ana har aka gane. Juyin da kalmominsa suka yi daidai a takarda amma suka isa kunne a karkace bai gama aikinsa ba. Haka kuma wanda ya yi daɗin ji ta wurin ƙara abin da marubuci bai faɗa ba.

Mai bi na wajen Nijeriya yana da ƙarin abin lura. Duk waɗannan juyi da daidaitacciyar Hausa aka yi su, wadda ta jingina ga ta Kano. Mutumin Adar ko Arewa yana da nasa lafazi da nasa kalmomi, Hausar zangon Gana kuma ta sauƙaƙa bambancin namiji da tamace. Don haka shaidar da wani ya bayar daga Jos ba ta wadatar ba, sai an gwada a gida. Gwajin ba shi da wuya. A zaɓi wurare uku masu hali dabam: labari kamar Luka 15, waƙa kamar Zabura 51, da koyarwa mai nauyi kamar Romawa 8. A karanta kowanne da murya daga juyin da ake so a saya, a gaban mutum biyu, ɗaya mai karatu ɗaya marar karatu, sa'an nan a roƙe su su maimaita abin da suka ji da bakinsu. Inda suka yi shiru, ko suka faɗi wani abu dabam, nan ne juyin ya kasa musu. Ɗan Katolika kuma ya duba ko bugun yana da ƙarin littattafan da ikkilisiyarsa take karantawa, gama yawancin bugu littattafai 66 ne.

Idan aka auna duka, iyalin da zai sayi littafi ɗaya domin karatun safe da na dare ya fi kyau ya ɗauki juyin 1979, ko wani na bayansa idan shi ake karantawa a majami'arsu, domin abin da yara suka ji ranar Lahadi su same shi a gida. Tsohon juyi kuwa kada a bar shi a ƙasan akwati. Wurinsa yana hannun mai wa'azi, da malamin makarantar Lahadi, da duk mai shirin koyar da wani, a buɗe shi gefe da gefe da sabon. Inda suka yi daidai, a wuce da kwanciyar rai. Inda suka bambanta, alama ce akwai abin tono a asalin, sai a tsaya, a tambayi wanda ya yi makarantar Littafi Mai Tsarki. Dattijon da ya haddace Misalai da jikansa mai Karin Magana za su fi ƙaruwa idan suka zauna a tabarma ɗaya, kowa ya karanta nasa, su ga inda kalmomin suka rabu da abin da ya sa.