Asiri a Hannun Marar Ƙarfi: Nazarin Cin Amana da Dukiya a The Letter, Jiki Magayi da Alhaki Kuykuyo Ne

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta ɗora wani tsohon fim na Holiwud mai suna The Letter (1940) a gefen ƙagaggun labaran Hausa guda biyu, wato Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, wanda ya fito a Zariya a tsakiyar shekarun 1930, da kuma Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu (1990). Dukkan ukun sun ginu a kan tubali guda: mai hali ya ci amana, wanda aka cuta kuwa ba shi da kuɗin ramuwa, ba shi kuma da alƙalin da zai saurare shi. Abin da ake son ɗalibi ya bi diddiginsa shi ne makamin da ya rage a hannun wanda aka cutar, da kuma wanda hukunci ke faɗa wa a ƙarshen labari.

Sunan makamin a Hausa shi ne asiri. Kalmar Balarabiya ce a asali, amma Bahaushe ya ɗora mata kaya fiye da ɗaya. Asiri shi ne abin da mutum ke ɓoyewa, shi ya sa ake cewa an tona asirin wane. Asiri kuma shi ne sammu, shi ya sa ake cewa an yi wa wane asiri. Akwai kuma rufin asiri, wato samun abin da zai hana mutum tozarta a idon jama'a. Ingilishi yana da kalma ɗaya tak ga sana'ar nan ta riƙe sirrin mutum ana tatsar kuɗinsa. Faransanci ma haka, chantage, kalmar da Bahaushen New Bell ko mai neman abinci a Ndokoti cikin Duwala yake da ita a kusa. Hausa ba ta da tilon kalma irin wannan, sai dai a yi bayani, a ce barazanar tona asiri don a karɓi kuɗi. Toshiyar baki ta kusa, amma ba ta kai ba, domin sau da yawa mai laifin ne ke fara miƙa ta don kansa. Wannan giɓi na kalma yana da alaƙa da irin labaran da kowace al'umma ta fi bayarwa.

2.0 Wasiƙar da aka yi wa kuɗi

The Letter fim ne na kamfanin Warner Bros., William Wyler ya ba da umarni, Bette Davis ta fito a matsayin Leslie Crosbie, matar wani Bature mai kula da gonar roba a ƙasar Malaya ta zamanin mulkin mallakar Ingila. Tushensa wasan kwaikwayo ne na Somerset Maugham na 1927. Fim ɗin ya buɗe da harbi: Leslie ta ɗirka wa wani mutum mai suna Hammond harsashi har ya faɗi, ta ci gaba da harbinsa yana kwance. Ta ce ya zo keta mata haddi ne. Mijinta ya yarda, Turawan garin ma sun yarda, ba don hujja ba, sai don matar Bature ce.

Sai ga wasiƙa. Leslie ce ta rubuta ta da hannunta a ranar kisan, tana kiran Hammond ya zo domin mijinta ba ya nan. Wasiƙar tana hannun matar Hammond, wadda Turawan ba sa ɗaukarta a bakin komai saboda jinin Asiya da ke jikinta. Akawun lauyan Leslie, Ong Chi Seng, shi ne ɗan aike, kuma farashin da aka yanka dala 10,000 ne, kusan duk abin da mijin ya tara. Lauyan ya sayi wasiƙar, ya jefa aikinsa cikin haɗari, kotu ta wanke Leslie.

Wurin da ya kamata ɗalibi ya tsaya ya duba da kyau shi ne wurin miƙa wasiƙar. Matar mamacin ta gindaya sharaɗi cewa Leslie ce za ta kawo kuɗin da ƙafarta, zuwa unguwar da irinta ba sa shiga. Da ta zo, ba a ba ta wasiƙar a hannu ba, an yar da ita a ƙasa, dole ta sunkuya ta ɗauka a gaban matar da ta raina. A ganina wannan sunkuyawar ita ce ainihin farashin, dala 10,000 ɗin rakiya ce kawai. Matar ba ta da kotu, ba ta da launin fatar da ake saurara, amma tana da takarda guda, kuma takardar ta isa ta durƙusar da mai gida. Finafinan wancan zamani sun yi ta komawa kan wannan dabara. A The Big Sleep (1946), attajirin tsoho Janar Sternwood ya ɗauki mai bincike ne saboda ana neman tatsarsa da abin kunyar 'yarsa. Mai dukiya yana da suna, suna kuwa yana da farashi.

Ƙarshen fim ɗin ba na Maugham ba ne. A wasan kwaikwayon, da kuma fim ɗin farko na 1929 wanda Jeanne Eagels ta fito a ciki, Leslie ta rayu, hukuncinta shi ne zaman aure da mijin da ya san komai. Amma daga 1934 aka fara tilasta dokar tace finafinai da aka fi sani da sunan Will Hays, ƙarƙashin ofishin Joseph Breen, wadda ta hana a nuna mazinaci ko mai kisa ya sha da daɗi. Saboda haka a 1940 aka ƙara wuƙa: matar Hammond ta kashe Leslie a cikin duhu, ita ma 'yan sanda suka tare ta. Hukuncin nan daga ofis ya zo, kuma mai kallo da ya natsu zai ga ɗinkin.

3.0 Asiri na biyu

A Jiki Magayi babu wasiƙa, domin babu abin ɓoyewa. Malam Shehu attajiri ne da bai samu haihuwa ba, ya ga Zainab wadda saurayinta Abubakar ke shirin aura, ya sa dukiyarsa ya raba su, aka ɗaura aure da rana tsaka gari na kallo. Me Abubakar zai tona? Kowa ya riga ya sani, kuma babu dokar da aka karya. Sai ya koma ga ɗaya ma'anar kalmar. Ya shiga uwa duniya da dazuzzuka yana neman maganin da zai lalata ɗan da za a haifa. Yaron, Kyauta, ya tashi ɓarawo, ya jawo wa uban abin kunya, daga ƙarshe ajalin uban ya zo ta hannunsa.

Ga kamanni, ga kuma bambanci. Matar Hammond da Abubakar duk sun rasa masoyi a hannun wanda ya fi su ƙarfi, duk sun nemi abin da kuɗi ba za su iya karewa ba. Amma asirin wasiƙa ana sayensa a ƙone, shi kuwa na Abubakar ba ya sayuwa, kuma bai tsaya kan mai laifi ba, ya bi ta kan yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. Nan ne littafin ya fi fim ɗin ɗaci.

4.0 Rufin asirin Rabi

Alhaki Kuykuyo Ne, wanda Abdulkarim Mohammed ya mayar fim a 1998, kuma Aliyu Kamal ya fassara zuwa Ingilishi aka buga a Indiya a 2012, ya kawo maganar cikin Kano ta zamani. Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne mai rowa a gida, mai sakin hannu a waje. Ya auro Delu, tsohuwar karuwa, rikici ya tashi, ya kori uwargidansa Rabi da 'ya'yanta tara. A nan ma barazanar tona asiri ba ta da wurin kamawa. Neman matan da Alhaji ya yi a waje ya rufe shi da ɗaurin aure, sakin da ya yi kuwa ikonsa ne a idon jama'a. Abin da zai sa attajirin Holiwud ya buɗe akwatin kuɗi cikin dare, shi wannan ya yi shi da goro da alawa. Ina ganin dalilin da ya sa harshen bai matsu ya ƙirƙiro kalma guda ba ke nan: a waɗannan labarai cutar da mai kuɗi ke yi ba a ɓoye take ba.

Marubuciyar ba ta gina tsayuwar Rabi a kan sammu ko tonon silili ba. Ta ba ta tukunya. Rabi ta kama sayar da abinci, ta riƙe 'ya'yanta, babbar 'yarta Saudatu ta auri mai hali, gida ya miƙe. Wannan ita ce ma'ana ta uku, rufin asiri, kuma shafukan da ke bayanin cefane da kuɗin makaranta da hidimar biki su ne mafi ƙarfi a littafin, ko da yake mai gaggawa zai ɗauke su a matsayin cikon takarda. Asiri na ɓoye guda ɗaya da ke da nauyi a labarin na Delu ne, wadda ke cin amanar Alhaji da wani namiji. Ke nan a fim ɗin da littafin duka, sirrin da ke iya rushe mutum na mace ne.

Hukuncin Alhaji Abdu ya zo ta gobarar kasuwa da asarar dukiya da gano halin Delu. Manazarci zai iya cewa gobara ba ta fito daga cikin zaren labarin ba, an sauko da ita ne daga sama kamar wuƙar 1940. Sai dai akwai bambanci. Babu ofishin da ya tilasta wa Balaraba, domin Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano sai a 2001 aka kafa ta, shekara 11 bayan fitowar littafin. Sunan littafin kansa alkawari ne ga mai karatu, kuma mai karatun da ya yi imani da sakayya ba ya ganin gobara a matsayin katsalandan.

Abin da ya fi cancantar muhawara a aji shi ne abin da ya biyo bayan gobarar. Alhaji ya dawo hannu wofi yana neman a yafe masa, maza na dangi suka taru suka matsa wa Rabi ta koma, ta koma ba da son ranta ba, kuma yanzu ita ce mai ciyar da gidan. Leslie ta ci amana, an biya ta da wuƙa. Alhaji Abdu ya ci amana, ya rasa rumfa, aka mayar masa da mata mai sana'a. Wasu masu karatu suna ɗaukar wannan a matsayin ja da baya daga marubuciyar. Ni kuwa ina ganin da gangan ta bar shi babu daɗi, domin ba ta nuna Rabi tana murna ba, ta nuna ta ne tana ɗaukar nauyin mutumin da ya kore ta, waɗanda suka yanke shawarar kuma babu ko ɗaya a cikinsu da zai hura wutar murhun.