Gaskiya a hannu, hukunci ya gagara

A yawancin littattafan binciken kisa, da zarar an gano mai laifi labari ya ƙare. Leonardo Sciascia, tsohon malamin makarantar firamare a Racalmuto ta tsibirin Sisiliya, ya kauce wa wannan ƙa'ida a littafinsa na 1961, wanda aka fassara zuwa Faransanci da sunan «Le Jour de la chouette».

An harbe ɗan kwangila Salvatore Colasberna da asuba yana shirin shiga motar zuwa Palermo. Kafin jandarmomi su fara tambaya, fasinjoji sun watse. Kyaftin Bellodi, baƙo daga Parma, ya bi sawu har zuwa Don Mariano Arena, uban ƴan Mafiya. Amma wanda ya tsegunta masa an kashe shi, kuma mutane masu mutunci suka shaida cewa makashin yana wani gari ranar. Aka mai da zancen rikicin kishi.

Ƙarfin littafin yana cikin hirarrakin manya marasa suna da marubucin ya saƙa tsakanin babuka: mai karatu yana jin ana kwance binciken tun daga Roma, alhali Bellodi bai sani ba. Shirun talakawa ma ba a kira shi tsoro kawai ba. Rashin amana ne ga hukumar da ba ta taɓa kare su ba.

Rauninsa kuwa, Don Mariano ya sami kwarjini da hikimar baki har yana neman burge mai karatu. Malamin da zai koyar da littafin ya kamata ya tsaya da ɗalibansa a nan.