Ladabin Sauraro: Nazari a kan Faifai, Shayi da Zaman Majalisa

A cikin 'yan shekarun nan wata al'ada ta yaɗu a manyan biranen Turai da Amurka, wadda labarinta ya iso mana ta bakin matafiya da ta jaridu, ita ce buɗe waɗansu ƙananan gidaje inda ake sayar da ruwan inabi mai sa maye tare da ɗan abin taɓawa a ƙananan faranti, alhali kuwa abin da ya tara mutane a wurin shi ne faifan garmaho, wanda mai gidan yake zaɓa da hannunsa, ya share shi, ya ɗora masa allura, jama'a kuma su sassauta murya har fuskar faifan ta ƙare. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi suna shi ne Brilliant Corners, wanda aka buɗe a unguwar Dalston ta birnin Landan a 2013. Asalin abin kuwa daga Japan yake, inda tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu ake da gidajen shan gahawa da aka keɓe domin sauraro, kamar Lion da ke Shibuya a Tokyo tun 1926, da Chigusa da aka buɗe a Yokohama a 1933, saboda a wancan zamani faifai da na'urarsa sun fi ƙarfin aljihun ɗalibi da ƙaramin ma'aikaci, sai mutum ya biya kuɗin kofi guda ya zauna yana jin abin da ba zai iya mallaka ba. A waɗansu gidajen ma har an hana hira ɗungurungum.

Mas'alar giya ba ta bukatar dogon bayani a wurinmu. Nassi ya haramta ta, Jihar Katsina kuma tana cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekara ta 2000, saboda haka babu mai hankalin da zai nemi a buɗe irin wannan gida a Daura ko Baure. Sai dai wanda ya lura da cewa Japanawa da gahawa suka fara, Turawa ne suka musanya ta da inabi daga baya, zai gane cewa abin sha ba rukuni ba ne a wannan zama. Rukunan su ne faifai, da mai zaɓensa, da jama'ar da suka yarda su yi shiru tare. Waɗannan uku kuwa mun san su a ƙasar Hausa tun kafin a haifi masu waɗancan gidaje na Turai da Amurka.

Ga misali, Babban Mutum gari ne na bakin iyaka a ƙaramar hukumar Baure, cikin masarautar Daura, a kan hanyar da ke shiga Magarya ta wuce Damagaram, kuma garin da ke kan hanya ba ya rabuwa da abubuwa biyu, baƙo mai jiran mota da mai shayin da zai zaunar da shi. Teburin mai shayi, da bencinsa, da tukunyarsa, da burodin da aka jera, da mai tsire a gefe yana juya tsinke a bakin wuta, da yarinya mai ƙosai ko gyaɗa, shi ne majalisar talaka, inda direba da fatake da manomi da malamin makaranta suke zama kafaɗa da kafaɗa ba tare da an tambayi kowa asalinsa ba. Daga ƙetaren iyaka kuma muka sami wani salon, wato shayin Buzaye da ake dafawa a ƙaramar buta bisa gawayi, a zuba a 'yan ƙananan kofuna har zagaye uku, na fari da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi, wanda samarin Damagaram suke zama a kansa a abin da suke kira fada. Hikimar wannan shayi ita ce ba ya yarda da gaggawa, domin wanda ya sha na fari ladabi ya wajabta masa ya jira na biyu, a cikin wannan jira kuwa kunne yakan sami sukunin da ba ya samu a sauran yini.

Haka nan abin taɓawa. Tsire tsinke biyu, ko yankan kilishi, ko balangu a takarda da albasa da yaji, ko aya da dabino, ba a cin su domin ƙoshi, tuwo na can gida yana jira. Ana cin su ne domin zama ya yi tsawo, hannu ya sami abin yi, baki kuma ya huta da surutu. Abin da masu gidajen Landan suka gano da lissafi, cewa babban akushi yana janye hankali daga kiɗa amma ƙaramin faranti yana barinsa a kai, mai tsiren tasha ya daɗe da saninsa da gogewa.

Game da faifan kansa, ya kamata a san tarihinsa a taƙaice. Edison ne ya ƙago na'urar naɗar murya a 1877, Emile Berliner kuma ya fito da faifai mai faɗi a 1887. Faifan zamanin da mai nauyi ne, mai saurin fashewa, yana juyawa sau 78 a minti, fuska guda kuma ba ta wuce kimanin minti uku. Garmahonsa ba ya bukatar lantarki, da hannu ake wana shi, ana kuma sauya masa allurar ƙarfe a kai a kai, shi ya sa ya iya shiga garuruwan da wayar wuta ba ta kai ba. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da babban faifan roba mai ɗaukar kimanin minti ashirin a kowace fuska, a 1949 kuma RCA Victor ya fito da ƙarami mai juyi 45. Kamfanoni irin su EMI da Decca da Philips sun kafa rassa a Nijeriya, ta hannun irinsu ne muryoyin makaɗan Arewa suka hau faifai, a daidai zamanin da Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, gidan rediyon Kaduna kuma a 1962.

A nan ne nazari ya kamata ya tsaya ya yi adalci, domin faifai ya yi wa waƙar Hausa alheri babba, ya kuma yi mata ta'adi, kuma masu begen zamanin da sukan ambaci na farko su manta da na biyu. Alherin shi ne ya fitar da waƙa daga fada. Kafin zuwansa, kiɗan kotso irin na Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo, ko kiɗan taushi irin na Sarkin Taushin Katsina, ko waƙoƙin Ma'azu Ɗan Alalo a fadar Damagaram, abu ne na ƙofar sarki da ranar salla, wanda manomin ƙauye zai iya tsufa bai ji shi ba sai sau ƙalilan. Da faifai da rediyo suka zo, sai ga waƙar da Alhaji Mamman Shata ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar, wanda ya yi sarauta daga 1966 zuwa 2007, tana tashi a bakin tasha, talakan Sarki yana jin yabon Sarkinsa da kofin shayi a hannu, yana kuma da ikon cewa, "Malam, don Allah a maimaita mana," abin da ba mai iya faɗa wa makaɗi a gaban fadawa. Haka kuntigin Ɗan Maraya Jos, da waƙoƙin dambe na Ɗan Anace, da amadar Barmani Choge ta Funtuwa wadda asalinta ta cikin gida ce tsakanin mata, duk suka zama dukiyar kowa.

Ta'adin kuwa ta fuska biyu ne. Na farko, waƙar makaɗin Hausa ba ta da ƙayyadadden tsawo; tana miƙewa gwargwadon yadda ubangida ya saki hannu, da yadda sanƙira ya zuga, da wanda ya shigo fili a tsakiyar kiɗa har ya zama dole a ambace shi da kakanninsa. Faifai ya zo da almakashi, ya ce ga iyakar mintocin da zai ɗauka, sai aka datse abin da ya saba cin rabin dare. Na biyu, wanda ya fi na farko nauyi a ganina, shi ne ya daskarar da abin da yake rayayye. Bakandamiyar Shata ba sau ɗaya ya rera ta ba, kuma kowane rerawa da abin da ya ƙara da abin da ya bari, amma yaron da ya tashi da naɗi guda yakan ɗauka shi ne waƙar, har ya yi musu da dattijon da ya ji ta daga bakin mai ita. Wannan hasara ce ta ilmi, kuma ba a rama ta sai da tattara naɗe-naɗe dabam-dabam a gwama su, kamar yadda malamai suke gwama kwafe-kwafen littafi guda kafin su tabbatar da matani.

Wajibi ne kuma a faɗi gaskiyar da ake kauce wa, cewa kiɗan zamani a ƙasar Hausa bai kuɓuta daga mashaya ba. Otal-otal da gidajen giya na unguwannin Sabon Gari a Kano da Zariya sun kasance dandalin makaɗa da yawa, kuma Shata kansa, Allah Ya gafarta masa, yana da waƙar mashaya wadda malamai suka yi tir da ita tun yana raye. Wannan haɗuwa ce ta sa dattawa da dama suka ƙi garmaho ya shiga zaurensu, kuma ba su rasa hujja ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe babi guda a cikin Ihya'u Ulumiddini a kan ladubban sauraro, inda ya halatta jin murya mai daɗi a asalinsa, amma ya hana waɗansu kayan kiɗa bisa illar cewa sun zama alamar majalisar mashaya, suna kuma tuna wa mai ji da kwalba. A cikin babin nan ya kawo daga Junaidu cewa sauraro yana bukatar sharuɗɗa uku, lokacin da ya dace, da wurin da ya dace, da abokan zama na kirki. Maganarsu a kan sauraron Sufaye take, amma idan aka yi ƙiyasi da ita za a ga gidan inabi na Landan ya kiyaye lokaci, ya ƙawata wuri, sa'an nan ya rushe ginin da abin da ke cikin kofi. Teburin mai shayi kuwa, in an tashi an yi sallar isha'i kafin a zauna, in kuma mai zaɓen waƙa ya nisanci batsa da zambon da ke cin mutunci, ya fi kusa da cika sharuɗɗan duka.

Mai zaɓen nan shi ne ginshiƙin da aka fi mantawa da shi. Wanda yake riƙe da garmaho, ko akwatin kaset daga baya, yana karanta fuskokin mazauna kamar yadda limami yake duba raunin mamu kafin ya zaɓi sura: in fatake ne suka sauka a gajiye ya san abin da zai sa, in dattijo ya iso ya san abin da zai cire. Bayan waƙa ta ƙare kuma sai sharhi ya biyo, wani ya warware habaicin da aka yi wa wani ɗan sarki, wani ya faɗi ko wane ne attajirin da aka ambata da yadda arzikinsa ya ƙare, yaro na gefe yana kwasar tarihi da nasaba da Hausa mai zurfi ba tare da ya san karatu ake ba shi ba.

Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, shi ya kori faifai daga kasuwanninmu, domin ya fi araha, yana jure ƙura da girgizar mota, kowa kuma yana iya naɗar nasa. Amma bai kashe majalisa ba, tun da har yanzu akwati guda ne jama'a suke kewayewa. Wayar hannu ce ta raba zaman. Yau a benci guda za ka tarar da samari biyar, kowanne da waƙoƙi ɗaruruwa da aka tura masa a katin waya, kowanne da abin ji a toshe a kunnensa, ba wanda yake kai waƙa ƙarshenta, ba kuma wanda zai tambayi na kusa da shi ma'anar abin da ya ji. Ba na zargin yaran, domin sun sami yalwar da iyayensu ba su samu ba. Sai dai yalwar ta zo ba tare da malami ba. Ƙishirwar irin wancan zaman sauraro ce ta mayar da Turawa ga faifai, har a 2022 yawan faifan roba da aka sayar a Amurka ya zarce na faifan CD, karo na farko tun 1987.

Wannan komawa tasu tana da wani sakamako da ya shafe mu kai tsaye, domin masu tara tsofaffin faya-fayai daga Turai da Amurka da Japan sun daɗe suna bin kasuwannin Afirka ta Yamma suna saye, abin da ya fita kuwa da wuya ya dawo. Waɗanda suka rage a hannunmu suna cikin adaka da ƙarƙashin gado a gidajen tsofaffin 'yan kasuwa da malaman En'e, inda zafin bazara yake lanƙwasa su, ƙurar hunturu take cike layukansu, magada kuma suke zubar da su ranar rabon gado saboda ba su ga abin da za su yi da su ba. Faifai yana so a tsayar da shi a tsaye cikin rigarsa, a inuwa, nesa da rufin kwano, kada a jibga wani a kan wani, kada kuma a taɓa fuskarsa da yatsa. Rigar ma abin adanawa ce, domin a kanta ake samun sunan kamfani da lambar faifai da hoton makaɗi, wani lokaci har da shekara, bayanan da suke ɓacewa da zarar an mayar da waƙa cikin waya. Sashen nazarin harsunan Nijeriya na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina, da na Jami'ar Bayero a Kano, da majalisar masarautar Daura, su ne suka fi cancanta su aika ɗalibai gida-gida a Baure da Zango da Mai'aduwa da Sandamu, su naɗi abin da suka samu su mayar wa masu shi kayansu, su kuma zauna da dattawan da suka san waɗanda aka ambata a cikin waƙoƙin, a rubuta sharhinsu tare da kowane faifai tun suna da ƙarfin bayarwa.