Wa zai yi fim a kan gubar Bagega?

A shagunan cajin waya na Bungudu, abin da samari suka fi cewa a tura musu shi ne sabon kashi na fim mai dogon zango. Tun da Labarina na Aminu Saira da Izzar So suka karɓu a 2020, kowa ya bi sahu. Ban ƙi su ba, ni ma ina kallo. Sai dai kuɗin YouTube na bin yawan masu kallo, shi ya sa labarin da ya kamata ya ƙare a kashi goma ake jan sa har ya tsinke. Darakta ya koma mai cike gurbin mako, labari kuma ba ya wuce falon attajiri, rabon gado da kishiya.

Mu a Zamfara labari ne ya yi mana yawa. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, har da Bagega, saboda dutsen zinariya da ake niƙawa a tsakar gida. A Fabrairun 2021 aka kwashe ɗalibai mata 279 a Jangebe. Manomi na biyan harajin 'yan bindigar daji kafin ya taɓa gonarsa. Ina mai kyamarar da zai zauna da uwa guda daga Bagega?

Za a ce ana tsoron hukumar tace fina-finai. To, Andrzej Wajda na ƙasar Folan ya yi aiki a ƙarƙashin 'yan gurguzu, masu almakashin da ya fi na Kano kaifi, amma fim ɗinsa a kan yajin aikin ma'aikatan Gdansk ya ci babbar lambar bikin fina-finai na Cannes a 1981. Mahaifinsa na cikin mutum kusan 22,000 da Tarayyar Sobiyet ta kashe a 1940. Bai samu yin Katyn, fim ɗinsa a kan wannan kisa, ba sai 2007, yana da shekara 81. Kuma ba sai mun je nesa ba: Adamu Halilu ya yi Shaihu Umar a 1976, a kan cinikin bayi, da Hausa.

Daraktocinmu, ku rage zango ɗaya, ku zo Zamfara da kuɗinsa. Daga Kano zuwa Gusau ba ta kai tafiyar yini ba.