Jinjina ga Masu Ɗinkin Hannu

A Nasarawan Doya, kamar sauran garuruwan ƙasar Makarfi, ɗinkin hannu sana'ar zaure ce da ta cikin gida. Idan aka kammala aikin gona, sai ka ga matasa a inuwa, kowa da allura da zare, hula a cinya.

Ɗan koyo ba ya farawa da ɗinkin riga mai aska takwas. Da farko yana koyon zura zare da bin zanen da mai zane ya yi a kan ƙyalle, har ɗinkinsa ya daidaita, babu gajere babu dogo. Idan ɗinkin ya karkace, malaminsa ya sa shi ya warware, ya sake. Allura ta soke shi har yatsa ya saba.

Daga nan sai hula, sannan wuyan kaftani, kafin ya kai babbar riga mai aska biyu ko tambari, irin aikin da Zariya ta shahara da shi. Riga ɗaya kan ci watanni kafin a kai ta wurin mabuga.

Malaman da ke koyarwa da haƙuri, da matan da ke ɗinki cikin gida suna ciyar da iyali, sannunku da aiki. Allah ya yi wa hannayenku albarka.