Joel ya rantse, yarinya ta ce to



Kwanakin baya bayan sallar isha'i mun tarar da wasu ɗalibanmu na ajin manya zaune a fada, shayi na kan wuta, gardama ta yi zafi har ana nuna wa juna yatsa. Mun ɗauka ƙwallo ce. Ashe wai a kan wani Ba'amurke ne mai suna Joel, wanda ya karkashe mutanen asibiti guda don ya kuɓutar da yarinya ɗaya, yarinyar ma ba shi ya haife ta ba. Wannan na cewa gwarzo ne, wancan na cewa azzalumi ne. Da muka bi diddigi sai muka gano gardamar ta girmi fadar tamu. Tun ranar 12 ga Maris 2023 ake yin ta, ranar da tashar HBO ta Amurka ta saki kashi na tara, wato na ƙarshe, na zangon farko na shirin The Last of Us. Mutum miliyan 8.2 suka kalle shi a daren can a Amurka kawai.

Ba talla muke wa shirin ba. Akwai jini da yawa a ciki, akwai kuma wuraren da ba su dace da tarbiyyarmu ba, ba abin bai wa yara ba ne. Amma tunda ya riga ya shiga wayoyin salular samarinmu, gara mu zauna mu duba abin da ya sa su a baki.

Ga labarin a taƙaice, don dattawan da ba su gani ba. A 2003 wani irin funfuna mai suna Cordyceps, wanda a zahiri ƙwari da tururuwa yake kamawa, ya fara kama ƙwaƙwalwar ƴan Adam yana mayar da su mahaukata masu cizo. Duniya ta rushe. A daren farko wani soja ya harbe Sarah, ƴar Joel tilo, ta cika a hannunsa. Bayan shekara 20, yana zaune a Boston ƙarƙashin mulkin soja yana fasa-ƙwauri, sai Marlene, shugabar wasu ƴan tawaye da ake kira Fireflies, ta damƙa masa Ellie, ƴar shekara 14, wadda aka cije ta amma cutar ba ta kama ta ba. Aikinsa ya kai ta ga likitocin ƙungiyar, ko a samu magani daga jikinta. Tafiyar ta ɗauke su watanni har birnin Salt Lake City, kuma a hanya mutumin da zuciyarsa ta bushe ya soma ganin ƴarsa a fuskar yarinyar. Craig Mazin da Neil Druckmann suka rubuta shirin, daga wani wasan kwamfuta da ya fito a 2013.

A kashi na tara suka isa asibitin. Aka buge Joel ya suma. Da ya farfaɗo Marlene ta gaya masa ana shirya Ellie don tiyata: likita yana ganin abin da ke kare ta yana cikin ƙwaƙwalwarta, a can za a ciro shi. Ma'ana ba za ta tashi ba. Ba a kuma gaya mata ba, wai don kada ta ji tsoro. Joel ya ƙwace bindiga ya bi hawa-hawa yana harbi, ya shiga ɗakin tiyata, likita ya ɗauki wuƙar fiɗa ya tare shi, ya harbe shi a ka, ya sungumi yarinyar tana cikin barcin allura. A wurin ajiye motoci Marlene ta tare shi, ita ma ya kashe ta.

To, masu kallo suka rabu. Akwai masu ƙorafin cewa an yi gaggawa, minti 43 kacal, kashi mafi gajarta a zangon. Muna tare da su kaɗan, amma wannan ƙaramar magana ce. Babbar ita ce ta ko Joel ya yi daidai.

Masu goyon bayansa hujja biyu suka fi riƙewa. Ta farko ta zuciya ce: wane uba ne zai tsaya a yanka ƴarsa? Druckmann da kansa ya ba da labari cewa lokacin da suke gwada wasan ga mutane, waɗanda ba su da ƴaƴa sun rabu gida biyu, amma iyaye gaba ɗayansu bayan Joel suka tsaya. Ta biyu ta ilimi ce. Suka ce har yau ɗin nan, da duk ɗakunan binciken duniya a tsaye, babu allurar rigakafin cutar funfuna da aka amince a yi wa mutane, balle a wani ruɓaɓɓen asibiti da likita ɗaya. Ko an yi maganin ma, wa zai raba shi, a kan wace hanya? Wannan hujja tana da daɗin ji, sai dai ba ta Joel ba ce. Ku koma ku kalli wurin. Bai tambayi Marlene ko aikin zai yi nasara ba. Da an kawo masa shaida cewa maganin tabbas ne, da harbin nan dai zai yi. Masu kallo ne suka ɗinka masa wannan riga daga baya don su samu su ci gaba da son sa hankali kwance. Shi ma Druckmann ya faɗa a wata hira a 2025 cewa a niyyarsu ta marubuta, da maganin ya yiwu.

Masu zarginsa kuwa lissafi suka yi: rai ɗaya a wannan hannu, ɗan Adam gaba ɗaya a wancan. Ɗaliban da suka taɓa usulul fiƙihu sun san wannan lissafi ba sabo ba ne. Imam al-Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan hijira, ya tattauna shi a Al-Mustasfa, inda ya kawo misalin mutanen da ke cikin jirgin ruwa mai shirin nitsewa, waɗanda in suka jefa ɗayansu a ruwa sauran za su tsira, ya ce ba su da wannan dama. Kafin a ma saurari irin wannan maslaha, ya shardanta ta zama ta larura, ta zama tabbatacciya, ta kuma game al'umma duka. Fireflies za su iya cewa tasu ta larura ce kuma ta game kowa. Amma tabbas fa? Abin da Marlene ta kawo shi ne likita yana tsammani. A kan tsammanin mutum ɗaya aka kwantar da marainiya za a buɗe mata kai, a ranar da ta iso, alhali ita kaɗai ce irinta da suka sani. Ko mai kaza ɗaya da ke masa ƙwai ya fi su haƙuri.

Ba fatawa muke bayarwa a kan mutanen fim ba, jama'a. Muna auna gardamar ne da ma'aunin da muke da shi. A ma'aunin nan hana a yanka yarinya ba laifi ba ne. Amma kare wanda ake zalunta yana da iyaka, ana tunkuɗe mai farmaki ne da gwargwadon abin da zai tunkuɗe shi. A cikin asibitin akwai wanda ya ajiye bindigarsa ya miƙa wuya, Joel ya harbe shi. Marlene na ƙasa cikin jini tana roƙon ya bar ta, ya ƙarasa ta, dalilinsa wai za ta biyo yarinyar wata rana. Masu cewa gwarzo ne ba su cika tsayawa a waɗannan wurare biyu ba.

Mu kuma ba mu ga laifinsu sosai ba, domin shirin ne ya yi musu dabara, kuma a nan gwanintarsa take. Kashi takwas muna cin abinci da Joel, muna jin sanyi tare da shi, mun san agogon da ƴarsa ta gyara masa, wanda ya fashe a daren mutuwarta bai cire shi ba. Ana dab da shiga asibitin ma sai da aka nuna mana shi da Ellie suna ba raƙumin dawa ganye a tsakiyar kangon birni, yarinya tana dariya bayan kwanaki tana shiru. Mutanen asibitin kuwa ko sunayensu ba a gaya mana ba, in ban da Marlene. Da harbin ya fara, Ali Abbasi, wanda ya ba da umarnin kashin, ya rage ƙarar bindiga ya ɗora kiɗa mai sanyi kamar na makoki. Ana iya cewa ya yi haka ne don kada mu ji daɗin kisan. Mu dai a ganinmu ya zame wa wasu bargo, suka kalli gawarwaki ta cikin baƙin cikin mai kisan. Wanda ka daɗe kana zama da shi, ko a kotu ka gan shi sai zuciyarka ta nema masa uzuri.

An gwada wannan kuwa. Likitan da aka harbe yana da ƴa, sunanta Abby. A zango na biyu, kashi na biyu, wanda ya fito ranar 20 ga Afrilu 2025, ta samo Joel ta kashe shi da sandar wasan golf a gaban Ellie. Da yawa daga masu cewa soyayyar uba ta wanke Joel ba su yarda soyayyar ƴa ta wanke Abby ba. Tun a 2020, da wasan kwamfuta na biyu ya fito da wannan labari, Laura Bailey, matar da ta yi muryar Abby, ta nuna wa duniya saƙonnin barazanar kisa da aka turo mata. Mace mai rai, saboda mutumin da ba a taɓa haifa ba! Abin lura, ita wannan Laura Bailey tana cikin masu jinya da ke tsaye a ɗakin tiyata a kashi na tara lokacin da Joel ya harbe likitan.

Amma abin da ya fi damun mu da gardamar fadar nan shi ne, an kwashe kusan awa guda ana Joel, ana Marlene, ana duniya, ba wanda ya kira sunan mai ran. Ba a tashe ta an tambaye ta ba. Marlene ba ta tambaya ba don tana tsoron ta ce a'a. Joel bai bari a tambaya ba don yana tsoron ta ce e, kuma yana da dalilin tsoro, domin ƴan mintuna kafin nan ya ce mata su juya su koma Jackson wurin ƙaninsa Tommy, ta ce bayan duk abin da suka sha ba za ta yarda ya tafi a banza ba. Mun san yardar ƴar shekara 14 ba ta halatta a yanka ta. Amma ko ba ta da ikon yanke hukunci, tana da haƙƙin sanin abin da aka yi da ita.

Wannan haƙƙi ne Joel ya ƙwace, kuma a nan kashin ya fi ƙarfi. A mota, tana farfaɗowa da rigar asibiti a jikinta, ya ce mata akwai irinta da dama, likitoci sun gwada sun kasa sun daina, ɓarayi ne suka kai wa asibitin hari. Ta juya masa baya ta kwanta. A kan tudun da ke kallon Jackson ta tsayar da shi, ta lissafa masa matattunta, Riley da Tess da Sam, sannan ta ce ya rantse mata cewa duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Ya dube ta ya rantse.

Duk wanda ya kai babin rantsuwa a Risala ta Ibn Abi Zaid ya san irin wannan: mutum ya rantse a kan abin da ya wuce yana sane ƙarya yake. Malamai na kiran ta gamus, mai dulmiyarwa, kuma a mazhabar Malik kaffara ba ta goge ta, sai tuba. Joel dai ba da sunan Allah ya rantse ba, ba kuma Musulmi ba ne, don haka ba hukuncin muke ɗora masa ba. Sunan ne ya dace da abin da muka gani. Harbin asibiti ana iya cewa ɗimuwa ce ta ɗan lokaci. Rantsuwar kuwa da rana tsaka ya yi ta, bayan doguwar tafiya, ba mai bin su, ba mai riƙe da wuƙa. Ba ta kare Ellie daga kowa ba. Shi ta kare, kada yarinyar ta san ko wane ne shi ta tafi ta bar shi.

Marubutan sun shirya mana wannan tun farkon kashin, mutane ne ba su lura ba. Anna, mahaifiyar Ellie, an cije ta tana naƙuda, ta yanke cibiya bayan cizon, amma ta ce wa Marlene kafin cizon ta yanke, don a karɓi jaririyar. Da ƙarya aka ceci yarinyar nan ranar haihuwarta, da ƙarya aka sake riƙe ta bayan shekara 14. Sai dai Anna ta yi tata ne tana shirin mutuwa ta bar ƴar, Joel ya yi tasa don ya zauna da ita.

Bella Ramsey, wadda ta fito a matsayin Ellie, kalma ɗaya aka ba ta a ƙarshe. Kyamara ta tsaya a fuskarta, ta yi shiru tana kallon sa, idonta na nema a fuskarsa, sannan ta ce to. Hoto ya ɗauke. Mun tambayi ɗaliban ko ta yarda da shi. Mai cewa gwarzo da mai cewa azzalumi duk suka ce ba ta yarda ba.