Yarjejeniyar Novartis da NHS: an riga malam masallaci?

A watan Janairun 2020, gwamnatin Birtaniya ta sanar da haɗin gwiwa tsakaninta da Novartis, kamfanin magunguna na ƙasar Suwizalan, kan wata sabuwar allura mai suna inclisiran da ke rage kolestarol a jini. A lokacin ba a ma ba maganin lasisi ba. Kamfanin kuwa bai daɗe da zuba dala biliyan 9.7 wajen sayen The Medicines Company ba, wato kamfanin da ya haɓaka allurar. A Satumban 2021 hukumar NICE, mai tantance ko magani ya cancanci a kashe masa kuɗin gwamnati, ta amince da ita. Hukumar kiwon lafiya ta NHS a Ingila ta ce mutum 300,000 za su samu allurar cikin shekara uku, kuma za ta iya hana bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki 55,000, ta ceci rai 30,000 cikin shekara goma.

Alƙaluma ne masu daɗin ji. To amma daga ina suka fito? Kafin mu amsa, bari mu ga yadda maganin yake aiki.

A jikin ƙwayoyin hanta akwai wasu 'yan maƙalai da ke cafko mugun kolestarol, wanda ake kira LDL, daga cikin jini. Ita hantar dai tana kuma sarrafa wani furotin mai suna PCSK9, wanda aikinsa shi ne lalata waɗannan maƙalai. Inclisiran ɗan guntun RNA ne da ke shiga hanta ya datse saƙon ƙera PCSK9 tun kafin a ƙera shi. Idan PCSK9 ya ragu, maƙalan sai su yawaita, LDL ya sauka. Gwaje-gwaje sun nuna yana sauka da kusan rabi. Bayan allurar farko da ta wata uku, sau biyu kacal ake yin ta a shekara. Ga wanda ke yawan manta shan ƙwayar statin kullum, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Matsala ta farko ita ce hujja. Mara lafiya ba lambar da ke takardar gwajin jini ta dame shi ba, so yake kada zuciyarsa ta buga. A lokacin da aka ƙulla yarjejeniyar, gwajin da zai nuna ko allurar na rage bugun zuciya da mutuwa, wato ORION-4 da Jami'ar Oxford ke jagoranta da mutum kusan 15,000, yana tsakiyar tafiya. Ita kanta NICE ta faɗi cewa babu bayanan dogon zango kan wannan. Ke nan rai 30,000 ɗin nan lissafi ne da aka gina kan abin da wasu magunguna suka yi, ba a ƙirga su a gwajin inclisiran ba.

A yi adalci, lissafin ba shaci-faɗi ba ne. Magungunan statin sun tabbatar da cewa sauke LDL na rage ciwon zuciya, kuma a 2017 gwajin evolocumab, wani magani da shi ma PCSK9 yake tarewa, ya nuna raguwar kashi 15 cikin ɗari na irin waɗannan matsaloli. Sai dai tarihin magani na da darasi. Torcetrapib na kamfanin Pfizer ya gyara lambobin kolestarol da kyau, amma a Disambar 2006 aka tsayar da gwajinsa saboda masu shan sa sun fi mutuwa. Shi ya sa masu bincike ke jiran sakamako na zahiri kafin a baza magani ga dubban ɗaruruwan jama'a, musamman idan akwai masu araha da aka riga aka tabbatar, irin su statin da ezetimibe.

Ta biyu, farashi. Kuɗin allura ɗaya a hukumance ya kusa fam 2,000, amma NHS ta samu rangwame da aka ɓoye a matsayin sirrin kasuwanci. Mai yiwuwa rangwamen babba ne. To amma hukuncin NICE cewa maganin ya cancanci kuɗinsa ya dogara ne kan wannan ɓoyayyar lamba, don haka babu wani mai bincike daga waje da zai iya sake lissafin ya ce daidai ne ko kuskure. Kuɗin masu biyan haraji ne, amma an ce su yarda kawai.

Ta uku, waɗanda za su yi aikin. An tsara cewa likitocin unguwa ne za su riƙa rubuta allurar, ba ƙwararrun asibiti kaɗai ba. A ƙarshen 2021 ƙungiyar likitocin Birtaniya ta BMA da kwalejin likitocin unguwa ta RCGP suka fito fili da damuwarsu: babu bayanan dogon zango kan amfani da illa, kuma aiki ya riga ya yi musu yawa. Da yawa suka ja baya, adadin waɗanda suka samu allurar ya yi ƙasa ƙwarai da abin da aka yi hasashe. Wasu na ganin laifin likitocin ne. Ni a ganina sun yi abin da aka koya musu, wato su tambayi hujja kafin su rubuta magani. Abin da ya fi damuna shi ne matsayin da NHS ta sa kanta. Mai saye aikinsa taya kaya da duba aibinsu. Da zarar ya yi alƙawarin adadi a bainar jama'a, ya koma mai neman kayan su shiga, kuma zai yi masa wuya ya ce a dakata.

Sannan a Maris 2023 Novartis ya janye daga ORION-17, babban gwajin mutum 40,000 da aka shirya yi a Birtaniya cikin haɗin gwiwar, ya zaɓi yin nasa gwajin a ƙasashe daban-daban. Kamfani na da 'yancin bin maslaharsa. Tambayar ita ce me ya sa ɓangaren gwamnati bai ɗaure wannan alƙawari da igiya mai ƙarfi ba.

Kada mai karatu ya ɗauka ana cewa gwamnati ta guji kamfanoni. Gwamnatoci ba kasafai suke ƙera magani ba, dole sai da su. Don a ga yadda abin ke yin kyau, mu dubi wani misali da ya shafe mu kai tsaye. Bayan annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta kashe mutum kusan 25,000 a Afirka ciki har da arewacin Nijeriya da Nijar, Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka kafa shirin samar da rigakafi a 2001, da dala miliyan 70 daga Gidauniyar Gates. Jami'an lafiya na Afirka suka ce in allura ta wuce senti 50 ba za su iya saye ba. Da wannan sharaɗi aka nemi kamfani, Serum Institute na Indiya ya karɓa. A Disambar 2010 aka fara MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar, Nijeriya ta biyo a 2011. Ita ma da awon garkuwar jini aka ba ta lasisi, amma annoba ce ke kisa babu wata mafita mai ɗorewa, kuma an bi sawu: a Chadi sanƙarau ya ragu da kashi 94 cikin ɗari a yankunan da aka yi rigakafin.

Bambancin a bayyane yake. A nan buƙatar jama'a ce ta zo farko, farashi a fili, sannan aka nemo kamfani. A Ingila kamfani ne ya zo da kayansa, hukuma ta ɗauki nauyin nemo masa marasa lafiya. Ko da inclisiran ta cika duk alƙawarin da aka yi a kanta, wannan ba zai wanke hanyar da aka bi ba, domin an yanke hukuncin ne kafin a sani.

Don haka duk ranar da ka ji ma'aikatar lafiya ta sa hannu da wani kamfanin magani, a Landan ne ko Abuja ko Yamai, ka yi tambaya huɗu. Wa ya fara kawo buƙatar? Me aka auna a gwajin, lamba ko rai? Nawa ne farashin na gaskiya? Kuma in kamfanin ya janye gobe, me zai biya?